Duwatsun Hermopolis: Yadda Ake Gano Asalin Guntun Sassaƙar Haikali a Gidan Tarihi

A sashen kayan Masar na gidan tarihin Metropolitan da ke New York akwai wani allon farin dutse mai lambar rajista 1985.328.8. Tsayinsa taƙi guda ne, tsawonsa bai cika rabin mita ba. An sassaƙa kan wata mace a jikinsa, ta ba da gefen fuska, ga wasu layuka masu gwiwa-gwiwa suna zubo mata, waɗanda a zanen Masarawan da alamar ruwa ce. Bayanin da gidan ya yi a kansa cike yake da taka-tsantsan. Wankan tsarki ne ake yi wa Kiya, ɗaya daga matan Fir'auna Akhenaten, amma an sa alamar tambaya bayan sunan. Mai yiwuwa daga Hermopolis aka samo shi. Mai yiwuwa kuma tun asali na Amarna ne. Dutsen ya shigo gidan a 1985 tare da 'yan uwansa sama da 20, kyautar Norbert Schimmel, wani mai tara kayan tarihi. Babu littafin haƙa da ya ce ga ramin da aka ciro shi, ga kuma ranar. Abin dubawa a nan shi ne hujjojin da aka kafa waɗannan zato uku a kansu, da dalilin da ya sa har yau ba su zama tabbas ba.

Yadda duwatsun suka baro bangonsu

Fir'auna Akhenaten ya yi mulki kimanin shekara 17, daga wajen 1353 zuwa 1336 kafin Miladiyya. Ya hau gado da sunan Amenhotep na Huɗu, ya fara gina wa Aten, wato faifan rana da ya ɗauka abin bauta, haikalai a Karnak. A shekara ta 5 ta mulkinsa ya sauya suna, ya yanki fili a gabashin Kogin Nilu, kimanin kilomita 300 kudu da inda Alƙahira take yau, ya kafa birnin Akhetaten, wanda yanzu ake kira Amarna. Sauri yake yi, don haka maginansa suka bar manyan duwatsun da aka saba gina haikali da su, suka koma yanka ƙanana masu awo ɗaya: tsawo kamu guda na Masarawa, wato kimanin santimita 52, faɗi wajen 26, tsayi 22 zuwa 24. Mutum ɗaya na iya saɓa guda a kafaɗa. Su ne masana ke kira talatat. Ana jera su yadda ake jera bulo, galibi sahu ɗaya a miƙe, na bisansa a gicciye, ana ɗinke su da jibsam. Sai an gama bango, an cike tsagogi da filasta, sannan masu zane da masu sassaƙa su hau aiki. A riƙe wannan, domin shi ne zai dawo ya wahalar da mai neman haɗa duwatsun.

Sauƙin ɗaukan da ya sa ginin ya tashi da wuri shi ne ya sa ya rushe da wuri. Bayan mutuwar sarkin an watsar da addininsa, an bar birninsa. Fir'auna Horemheb ya sauke haikalan Karnak ya cusa duwatsun cikin hasumiyoyin ƙofa. Na Amarna kuwa, a zamanin Ramses na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin Miladiyya, an ƙetarar da masu yawa zuwa yammacin kogi, zuwa Hermopolis, wato Ashmunen ta yau kusa da Mallawi a lardin Minya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. Can aka zuba su a matsayin ciko a harsashin gini.

Wata tawagar Jamusawa daga Hildesheim, ƙarƙashin Günther Roeder, ta yi haƙa a Hermopolis daga 1929 zuwa 1939. Ta ci karo da irin waɗannan duwatsu kimanin 1,500, yawancinsu a ƙarshen aikin, dab da Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙi ya tsayar da komai. A shekarun da babu mai tsaro sosai, duwatsu da yawa daga wurin suka bi ta hannun masu tonon ɓoye da dillalai, suka ɓulla a kasuwannin Turai da Amurka bayan yaƙin. John Cooney na gidan tarihin Brooklyn ya buga waɗanda suka isa Amurka a 1965. Aikin Roeder kansa bai fito ba sai 1969, shekara uku bayan rasuwarsa. Ke nan duwatsun Hermopolis kashi biyu ne: waɗanda aka haƙa aka ba lamba aka ɗauki hotonsu, da waɗanda suka fita ta bayan gida. Na biyun ne ke buƙatar bincike.

Dutsen kansa da awonsa

Kafin a kalli fuskar da aka sassaƙa, ana fara juya dutsen ne a dubi gefunansa da bayansa, da madubin ƙara girma mai ninki 10. Talatat na Karnak dutsen yashi ne daga Jabal Silsila: launinsa ruwan ƙasa ko ɗorawa-ɗorawa, ƙwayoyin yashi na bayyana, yana da kaushi a hannu. Na Amarna dutsen farar ƙasa ne daga tsaunukan da ke kewaye da birnin, fari ko ruwan madara, mai laushin jiki. Wannan kallon kaɗai ya raba manyan rumbuna biyu. Sai dai bai rufe magana ba, domin Akhenaten ya yi gini a Memfis da Heliyofolis su ma, an kuma sami duwatsun zamaninsa a Asyut da Antinofolis da Abidos. Idan ana son a matsa gaba, sai a yanki ɗan ƙanƙanin samfuri daga baya, a goge shi har haske ya ratsa, a duba ƙananan halittun ruwa da suka daskare a ciki, a gwada da samfurin ma'adinan da aka sani. Ba a ɗiga asid a kan kayan gidan tarihi don a ga ko zai yi kumfa, ko da yake masu nazarin duwatsu na yin haka a daji.

Sai awo. Fuskar dutsen da aka jera a miƙe takan ba da wajen santimita 52 zuwa 54 a tsawo, ta wanda aka gicciya kuwa wajen 26. Tsayi duka ɗaya ne. Idan allo ya zo da tsayin santimita 23 kuma gefensa na sama da na ƙasa na ɗauke da sawun cizal na da, to talatat ne, kuma talatat ba a yi yayinsa ba sai a wannan ɗan taƙin zamani. Kauri ne ke ba da labari na daban. Mafi yawan waɗanda suka bi ta kasuwa kaurinsu 'yan santimita ne kawai, bayansu sumul, da layukan zarto a jere. Dillalai ne suka fere fuskar suka yar da sauran, don kaya su yi sauƙin ɗauka da ɓoyewa. Da wannan yankan aka rasa alamomin da masu fasa dutse kan sa, da ragowar turmin da zai nuna irin ginin da aka sake cusa dutsen a ciki. Inda bango siriri ne kuma dutse na da sassaƙa a fuska biyu, zarto ya raba fuskokin, kowace ta kama gabanta, ba mai iya cewa da jiki ɗaya ne.

Girman abin da aka zana ma awo ne. Masu zanen Masar kan ja raga a bango kafin su zana mutum. Tsohuwar ƙa'ida gida 18 ce daga tafin ƙafa zuwa gaban goshi, amma masaniya Gay Robins ta nuna cewa a Amarna an mai da ita 20, shi ya sa wuya da gangar jiki suka ƙara tsawo. Daga girman kai ko hannu ana iya ƙiyasta tsayin mutumin. Hoton da ya kai mita 2.3 zai ci sahu 10 na dutse mai santimita 23, kowane sahu kuma dutse biyu ko uku. Wato kan mace mai wannan girma yana da maƙwabta 20 ko 30 kafin a cika ita kaɗai, ban da sarki da rana da teburan hadaya.

Rubutu, idan an yi sa'a akwai shi

Ba abin da ya kai zoben suna amfani, wato da'irar nan mai tsawo da ake rubuta sunan sarki a ciki. Akhenaten ya sa an rubuta sunan Aten ma a zobe biyu, kuma sunan ya sauya a tsakiyar mulki. A tsohon salo akwai sunan abin bauta Ra-Horakti a zobe na farko, wanda ake gane shi da hoton shaho, da sunan Shu a na biyu, mai alamar gashin tsuntsu. A sabon salo an cire su duka biyun, sai ga alamar sanda mai lanƙwasasshen kai da ke nufin mai mulki. An daɗe ana cewa a shekara ta 9 aka yi sauyin, yanzu masana da yawa na kai shi wajen shekara ta 12 zuwa ta 14. Ko wanne aka ɗauka, guntun da ke da sabon salo an sassaƙa shi ne bayan fada ta koma Amarna. Haka sunan Nefertiti, uwargidan sarkin: wajen shekara ta 5 aka ƙara masa Neferneferuaten, zoben ya ƙara tsawo. A Karnak kuma akwai duwatsun da aka kankare sunan Amenhotep aka rubuta Akhenaten a kai, shaidar cewa an yi su kafin shekara ta 5.

Wasu daga cikin duwatsun da Roeder ya haƙa da hannunsa suna ambaton gine-ginen da rubutun ya ce a Akhetaten suke. Wannan ita ce babbar hujjar cewa kayan Hermopolis daga ƙetaren kogi aka kwaso su. A kanta ne aka jingina sauran da ba su da rubutu, idan dutsensu da awonsu da hannun sassaƙarsu sun yi daidai.

Akwai wasu dabaru da ba sa buƙatar iya karatu sosai. Tsuntsaye da mutanen da ke cikin baƙaƙen hiroglif, wato rubutun Masarawan da, na fuskantar inda wanda ake magana a kansa yake fuskanta, don haka layin rubutu kaɗai na faɗa maka ina mutumin da ya ɓace ya juya. Hasken Aten kuwa ana zana shi ne dogayen layuka masu ƙarewa da 'yan hannuwa, duk daga faifai ɗaya suke fitowa. Idan guntu na da layi biyu ko uku, a kwafe su a takarda a ja su sama da rula. Inda suka haɗu nan faifan yake, daga nan kuma an san nisan dutsen daga saman hoton, da ko yana dama ko hagu da tsakiya. Ƙidayar 'ya'ya mata ma na taimakawa, tun da shida ne kuma suna ƙaruwa a hotuna yadda ake haihuwarsu, daga Meritaten zuwa Setepenre. Amma wannan hujja ce mai rauni a kan guntu, domin wa ya san ko akwai wasu biyu a dutsen da ke biye.

Salon zane, wato dogon haɓa da siririn wuya da tsukakken ido na farkon mulki, da sassaucin da ya biyo baya, shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma ya kamata a ajiye a ƙarshe. Ƙungiyoyin masassaƙa daban-daban sun yi aiki a lokaci guda, kuma salo shi ne abin da mai jabu ya fi iya kwaikwaya.

Gashin da aka sake sassaƙawa

Nan ne lamarin ya fi daɗi. Har tsakiyar ƙarni na 20 ba a san akwai wata Kiya ba. William Hayes ne ya fito da sunanta a 1959 daga jikin wani ɗan tulun kayan shafa da ke Metropolitan. Daga baya Yuri Perepelkin a Rasha da Rainer Hanke a Jamus suka nuna cewa hotuna da rubuce-rubuce da yawa da ake ɗauka na 'ya'yan sarki ne, musamman Meritaten da Ankhesenpaaten, asalinsu na Kiya ne, an gyara su tun Akhenaten na da rai. Matar sarki ce, amma ba uwargida ba. Ba a sa sunanta a zobe, ba a zana ta da kambin sarauniya. Laƙabinta na musamman ne, mata abar ƙauna ƙwarai, kuma yana tafiya da wata doguwar jimla da ke kiran sarki kyakkyawan ɗan Aten mai rai. Ko an kankare sunan, in ragowar wannan jimla na nan, an san wa aka kankare.

Dalilin da ya sa gyaran ke bayyana yana cikin yadda ake sassaƙar. Haikalan Aten a buɗe suke ga rana, don haka kusan duk sassaƙarsu mai nutsewa ce: ana haƙa hoton cikin dutse, fuskar bango na nan a matsayinta. Irin wannan ba ta gogewa sai an fafe bangon duka. Mai gyara sai ya cike tsofaffin layuka da filastar jibsam, ya sassaƙa sabbi rabi a dutse rabi a filasta, ya shafe da fenti. Ranar da aka gama, ba mai gane komai. Bayan shekara 3,000 a cikin damshin ƙasa filastar ta zube, sai ga layukan biyu tare, tsoho da sabo, ɗaya na ratsa ɗaya.

Kiya takan sa gajeriyar hular gashi da masana ke dangantawa da Nubiya, mai hawa-hawa, gajeriya a ƙeya, tana saukowa da tsini ta gaba, sau da yawa da babban ɗan kunne mai faɗi. 'Ya'yan sarki kuwa ana zana su da kai mai tsawo ta baya da tukku mai faɗi a gefe. Don a mai da Kiya 'yar sarki sai a ƙara tsawon ƙeya, a rage hular ta koma tukku. A allon New York an ga sawun wannan gyara a gashin, kuma a kansa ganewar ta dogara. Akwai irinsa a gidan Glyptotek na Copenhagen. Ana kuma gwada fuskar da ta murafai masu siffar kan mutum na tulunan da Theodore Davis ya samu a 1907 a kabari mai lamba 55 a Kwarin Sarakuna, waɗanda ake ganin tun farko don Kiya aka yi su. Uku na Alƙahira, ɗaya na Metropolitan.

Yadda ake ganin gyaran ba wuya. A kashe fitilun ɗaki, a kwantar da tocila kusan daidai da fuskar dutsen, kimanin digiri 10 zuwa 15, a zagaya da ita ta kowane ɓangare. Layin da ke tafiya daidai da haske ba ya yin inuwa, shi ya sa kallo daga gefe ɗaya ke yaudara. Yau ana kafa kyamara wuri ɗaya, a ɗauki hotuna 40 ko fiye ana matsar da fitila, manhaja ta haɗa su ta yadda mai bincike zai riƙa juya hasken a kwamfuta. Abin nema shi ne layin da ya yanke ba dalili, wurin da ya fi kewayensa zurfi, da ƙananan sare-saren da aka yi don filasta ta kama.

Me ya sa alamar tambaya ba ta fita ba? Domin ba Kiya kaɗai ke sa wannan hula ba. Nefertiti ma an zana ta da ita, matan fada ma haka. Hula da gyara da rashin gamsheƙar sarauta a goshi, in sun taru, hujja ce mai ƙarfi, amma ba su kai layin rubutu mai suna ba.

Rashin lura da gyara ya taɓa jawo rikici. A wasu duwatsun Hermopolis akwai sunayen wasu yara biyu, Meritaten ƙarama da Ankhesenpaaten ƙarama. Wanda ya karanta rubutun saman kaɗai zai ce 'ya'yan sarki sun haifa wa ubansu 'ya'ya. Wanda ya ga cewa sunayen na zaune ne a kan kankararren rubutun Kiya da 'yarta zai ce wataƙila an ƙirƙire su ne don a cike gurbi. Har yanzu ana jayayya a kai. Shi ya sa duk kwafin rubutu da ake yi yau dole ya nuna hawa biyun da layi daban-daban.

Fenti na jiya da takardun bogi

Launin ja-ja da ke jikin yawancin allunan da suka bi ta kasuwa ba na zamanin Fir'auna ba ne. Rajistar Metropolitan kanta ta rubuta a kan da yawa daga cikinsu cewa akasarin fentin na zamani ne. An shafa shi ne don kaya su yi kyan gani a wurin mai saye. Ganewar farko da ido ce: fentin da ya malala cikin karaya ko ya hau kan gishirin da ya fito daga dutse, bayan lalacewar aka sa shi. Fitilar ultrabayolet na tona gam da ciko. Na'urar tantance sinadarai da hasken eksre, wadda ba ta taɓa jikin dutse, na nuna ƙarafan da ke cikin launi, kuma idan aka ga farin titaniyam an gama magana, don sai wajen 1920 ya shiga kasuwa. Shuɗin Masar na ainihi yana da wata ɗabi'a: in aka haska shi da haske na yau da kullum yakan mayar da hasken infrared, kyamarar da aka gyara don haka sai ta nuna shi fari tas, ko da 'yan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani.

Sabon fenti ba ya mai da dutse jabu. Jabu na gaske shi ne a sami tsohon talatat marar zane a sassaƙa masa fuskar sarki. Dutse da awo duk za su ci jarrabawa. Abin da ke tona shi shi ne cikin layukan ya fi fuskar dutsen haske, ba shi da dattin shekaru, sannan hoton ya zauna daram a tsakiya, ba abin da gefe ya yanke. A bangon gaske tsagin dutse na ratsa hanci ko ido yadda ya ga dama. Sai dai a yi hattara da wannan ma'auni, domin dillalai sun zaɓi masu kyan tsari ne tun farko. Hannun Akhenaten riƙe da reshen zaitun, da gonar sha'ir, da kurangar inabi, duk suna Metropolitan, kowanne kamar don shi kaɗai aka yanka dutsen, kuma ana karɓarsu a matsayin na gaske.

Takardu ma ana bincikensu kamar dutsen. A 2003 gidan tarihin Bolton a Ingila ya biya kusan fam 440,000 kan wani mutum-mutumin 'yar sarkin Amarna, wanda daga baya aka gano Shaun Greenhalgh ne ya sassaƙa shi. Abin da ya sayar da shi shi ne wani kundin gwanjo na gaske na 1892 da aka jingina masa. Game da kayan Hermopolis, ana neman tsohuwar lamba da tawada ko fensir, da tambarin dillali, da hoton dutsen a aikin Roeder ko na Cooney. Fitowa a bugun 1965 na tabbatar da cewa ya bar Masar kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da dokar Masar mai lamba 117 ta 1983. Ba ya tabbatar da cewa ya fita bisa ƙa'ida, domin Masar na da dokokin kayan tarihi tun 1912 da 1951.

Neman maƙwabci

Haɗa talatat ba kamar haɗa fasasshiyar tukunya ba ne, inda baki ke kama baki. Gefunan a miƙe suke duka, kowanne na iya zama kusa da kowanne. Ga tazarar turmi a tsakani, kuma abin da aka sassaƙa a kan tsagin a filasta yake, ya zube. Wani lokaci zarton dillali ya ƙara daidaita gefen ya cinye santimita ɗaya ko biyu. Don haka hoto ne ke haɗuwa, ba dutse ba.

Ana ɗaukar kowane dutse hoto kai tsaye da ma'auni a gefe, a mai da duka girma ɗaya, a ce kashi ɗaya cikin biyar, sannan a ware su bisa abin da ke jiki: hasken rana, ƙafafun doki, ƙafar karusa, teburin hadaya, layin rubutu. Kafin a yarda biyu maƙwabta ne sai girman mutane ya yi daidai, zurfin sara ya yi daidai, layin ƙasa ya miƙe, karkatar hasken ta nufi faifai ɗaya, rubutu ya ci gaba da ma'ana, kuma tsarin sahu ya yarda, wato idan bangon mai musanya ne, miƙaƙƙe ba ya hawa kan miƙaƙƙe. Tarkon shi ne maimaici. Teburan hadaya da bayi masu sunkuyo an zana su ɗaruruwa kusan iri ɗaya, haɗin ƙarya a cikinsu ba wuya.

Idan an dace, riba na da yawa. A gidan tarihin Boston akwai duwatsu biyu na Hermopolis masu lambobin rajista na 1963 da 1964. Da aka jera su sai ga jiragen ruwan fada a kogi, kuma a jikin rumfar jirgin sarauniya ga Nefertiti da doguwar hularta ta ɗaga makami kan wata fursuna, hoton da a al'ada na Fir'auna ne. Wani misalin shi ne dutsen da Roeder ya buga mai cewa ɗan sarki na cikinsa, Tutankhuaten, wato wanda ya zama Tutankhamun. A 2008 masanin kayan tarihin Masar Zahi Hawass ya ba da sanarwar sake ganinsa a ma'ajiyar Ashmunen tare da abokin haɗinsa mai ambaton 'yar sarki. Rubutun da ya rage bai faɗi sunan uban ba, saboda haka gardamar ba ta mutu ba.

Abin da Karnak ta samu, Hermopolis ta rasa

A Karnak duwatsun sun kai dubun-dubata. A tsakiyar shekarun 1960 Ray Winfield Smith ya fara aikin ɗaukar hotunan sama da 30,000 a ma'auni ɗaya, yana amfani da kwamfutar IBM wajen ware su, ido kuma na yin haɗin. Donald Redford ya karɓi aikin a 1972, ya kuma fara haƙa a gabashin Karnak a 1975, inda ya bi harsashin haikalin Gempaaten. An sami haɗe-haɗe masu yawa, amma yawancinsu a takarda, domin waɗanda suka fara ciro duwatsun sun tara su a ma'ajiya ba tare da rubuta jerinsu ba.

Hasumiyar ƙofa ta tara a Karnak ce ta nuna bambanci. Cibiyar haɗin gwiwar Faransa da Masar da aka kafa a 1967 ta riƙa sauke cikonta hawa-hawa, tana rubuta matsayin kowane dutse. Sai ta bayyana cewa ma'aikatan Horemheb na sauke bango ne suna kai shi kai tsaye, don haka maƙwabta a ciko galibi maƙwabta ne a bango, sai dai na sama ya koma ƙasa. Da haka aka sake tayar da bangon da tsawonsa ya haura mita 17 da ke gidan tarihin Luksor, mai nuna sarki na bauta da ma'aikata a rumbunan haikali. Ga dukkan alamu cikon Hermopolis ma na da irin wannan tsari a da. Tonon ɓoye ya watsa shi, shi ya sa ake iya faɗin sarki da birni da wani lokaci mutum, amma da wuya a faɗi bango.

Hanyar da ta rage tana Amarna kanta. Masu rushewa sun bar shimfiɗar jibsam ta harsashi, wadda har yau ke ɗauke da sawun duwatsun sahun farko, ga kuma dubban ɓaraguzai da suka fashe lokacin sauke gini. Waɗannan ba su da kyan da za a sa a gilashi, amma kowanne an san daidai wurin da aka tsince shi. Marigayi Barry Kemp, wanda ya jagoranci aiki a wurin tun 1977, ya koma haƙa Babban Haikalin Aten a 2012. A Kom el-Nana da ke kudancin birnin kuwa, Jacquelyn Williamson ta bi ɓaraguzan rubutu har ta nuna cewa wurin haikalin rana ne na Nefertiti. Duk ɓarɓashin da ya zo da sunan gini, ko girman zane da hannun sassaƙa da suka dace da wani allo a Boston ko Brooklyn ko Copenhagen, yana ba wannan allon adireshi. Sharaɗin shi ne gidajen tarihi su fitar da hotunan kayansu da ma'auni, da awon tsawo da tsayi da kauri, da hoton baya da gefuna huɗu, ba fuska kaɗai ba.